Kaurin tsokar zuciya: abin da hoton eko ke tonawa

Idan bangon zuciya ya yi kauri, hawan jini ake fara zargi. Amma wani kaurin na gado ne: jiki ya rasa sinadarin da ke narkar da wani nau'in kitse ko sukari, sai abin ya yi ta taruwa cikin tsokar.

Cutar Fabry, wadda aka fara bayyana ta a 1898, tana cikin irin waɗannan cututtukan gado. Takan fi tsanani ga maza, ta taɓa ƙoda, ta sa zafin tafin hannu da ƙafa tun ana yara.

A gwajin eko, likita kan shafa man tsantsi a ƙirji, ya ɗora na'urar da ke aika sauti ta dawo da hoto. Kaurin milimita 15 abin bincike ne. A Fabry bangon kan yi kauri ta ko'ina kusan daidai, ƙananan tsokokin da ke riƙe da murfin zuciya su ma su yi ƙiba.

Hoton ishara ce kawai. Gwajin jini da na ƙwayoyin gado ke yanke hukunci. Akwai maganin Fabry a Turai tun 2001, sai dai da ɗan karen tsada, kuma dangi ma sai an duba su.