Amurka, 2004: Zawarcin Masu Shakka da Maganar Tsaro

A ƙarshen watan Yuli na 2004, jam'iyyar Demokarat ta yi babban taronta a birnin Boston. Ba a cika shekara uku ba da harin 11 ga Satumba, sojojin Amurka kuwa suna tsundum cikin yaƙin Iraƙi. Ɗan takararta, John Kerry, ya hau dandamali tare da tsofaffin abokan yaƙinsa na Biyetnam, ya sara wa jama'a irin ta soja. Ba ƴan jam'iyya ake zawarci ba, domin ƙuri'arsu tana hannu. Masu shakka ake son a gamsar cewa ɗan Demokarat ma yana iya riƙe ƙasa a lokacin yaƙi.

Dabarar ba ta yi ƙarko ba. A watan Agusta wasu tsofaffin sojoji suka cika talabijin da musun jarumtarsa, zargin da aka kasa tabbatarwa, shi kuwa ya yi nawar mayar da martani. Sannan jam'iyyar Rifablikan ta kai nata taron New York, birnin da harin ya faɗa wa, ta yi ta tuna wa jama'a wannan rana. A watan Nuwamba George Bush ya sami wakilan zaɓe 286, Kerry 251.