Farin kambas: Yadda wanki ke lalata shi tun kafin ƙura ta gama da shi

Duk wanda ya taɓa sayen farin takalmin kambas ya san kwanakin haskensa ƙidayayyu ne. Fita ɗaya a kan acaɓa a tsakiyar hunturu ta isa ta mayar da shi ruwan ƙasa, idan kuma damina ce, taɓon bakin kwata ɗaya ya gama magana.

Duk da haka ba a fasa saye ba. Samari na haɗa shi da wandon jins, wasu har da yadi, 'yan mata na sa shi a ƙarƙashin abaya, makarantu da dama kuma na wajabta shi ranar wasannin motsa jiki. Masu yi wa ƙasa hidima, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, su ma da farin takalmi suke fareti na tsawon mako uku a sansanin horo. Shi ya sa da yawansu ke sayen na roba zalla su ajiye na yadin, domin na roba ruwa kawai za a watsa masa a goge.

A da, idan kambas ya yi baƙi mutum zai iya leƙawa gwanjo a Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna ya canza wani. Tun bayan da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje, sabo da gwanjo, sun yi tashin da ya sa uba mai 'ya'ya uku a makaranta ba zai so ya sayi takalmi sau biyu a zango ɗaya ba. Wanki ya zama dole. Sai dai yawancin fararen kambas da ake jefarwa ba ƙura ce ta kashe su ba. A wurin wanki suka mutu: an jiƙa su a bilic, an dirje su da omo mai yawa, an ɗauraye sama-sama, sannan aka kife su a kan katanga cikin tsakiyar rana.

Abu uku ne a jikin takalmin

Kuskuren ya samo asali ne daga ɗaukar kambas tamkar farar shadda. Shadda zare ce zalla, shi kuwa kambas abu uku ne aka haɗa: yadin auduga mai kauri a sama, roba a ƙasa da kewaye, sai abin da ya manne su. A takalma irin su Converse All Star, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1917, da zafi ake gasa robar ta kama yadin. Masu arahar da suka cika kasuwanninmu kuwa galibi gam ne kawai ya riƙe su. Kowanne daga cikin ukun nan da abin da ba ya so. Auduga ba ta son bilic mai ƙarfi, domin yana cin zarenta har ta fara yagewa a wurin da ƙafa ke lanƙwasawa. Roba ba ta son zafin rana, tana bushewa ta yi rawaya. Gam kuma ba ya son daɗewa a ruwa, balle ruwan zafi. Wanda ya jiƙa takalmi a bokiti ya kwana, kada ya yi mamaki idan bayan mako biyu bakinsa ya buɗe.

Daga ina rawayar take fitowa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu wanki. Takalmi ya fito daga ruwa fari tas, amma da ya bushe sai ga wani zane ruwan ɗorawa ya kewaye gefen roba da wajen yatsu, kamar an zuba masa shayi.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Yadin kambas yana da kauri, kuma a ciki akwai shafi da soso da ɗinki, duk suna riƙe ruwan sabulu. Idan ɗauraya ba ta kai ba, wannan ruwan, haɗe da dattin da ya narke a cikinsa, yana nan a maƙale. Yayin da takalmin ke bushewa, ruwan yana tasowa daga ciki zuwa waje, inda iska ke kwashe shi. Ruwan ya tafi, amma sabulu da dattin ba sa bin iska, sai su taru a saman yadin, musamman a gefe-gefe inda bushewa ta fi sauri. Garin sabulu irin su omo yana da kaifi irin na kanwa, kuma idan ya haɗu da zafin rana a kan auduga, launinta yana juyewa rawaya. Ke nan yawan sabulu ba ya ƙara fari, aikin ɗauraya kawai yake ƙarawa.

Akwai kuma matsalar ƙasarmu. Jar ƙasar da ke kan hanyoyin da ba su da kwalta ta samu launinta ne daga sinadarin ƙarfe, wato dangin tsatsa ce. Bilic, wanda aka fi sani da haifo, ba ya cire tsatsa. Idan ma ruwan rijiya ko na burtsatsen unguwa yana da ƙarfe a narke, zuba masa bilic na sa ƙarfen ya fito ya kama yadi. Gwajin mai sauƙi ne: a tari ruwan a farin bokiti a bar shi ya kwana, idan da safe aka ga ja-ja ya kwanta a ƙasa, to a nemi wani ruwan don ɗaurayar ƙarshe, ko da leda uku ta fiya wata ce. Abin da ke sassauta tabon jar ƙasa shi ne tsami, ruwan lemon tsami ko ruwan khal fari.

Wankin kansa

Aikin farko ba ya buƙatar ruwa ko ɗigo. A bar taɓo ya bushe, a buga takalman biyu da juna, sannan a bi su da busasshen buroshi a kakkaɓe ƙurar. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki, alhali shi ne rabin aikin, domin ƙurar da ke kwance a sama da ta sha ruwa za ta koma taɓo ta shige cikin saƙar. A zare igiyoyin, a ciro shimfiɗar ciki idan mai cirewa ce. Igiya ita kaɗai ce za a iya jiƙawa a ruwan sabulu hankali kwance, kuma ita ce ke fara tona asirin tsohon takalmi.

Daga nan a sami ruwa mai ɗumi kaɗan a ƙaramin kwano, a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, ko a goga sabulun wanki na sanda har ruwan ya ɗan yi kumfa. Da tsohon buroshin haƙori za a riƙa tsoma wa ana goge yadin a hankali, ana bin takalmin gaba ɗaya. Idan wurin tabon kawai aka wanke, zai bushe da shaci a kewayensa. Buroshin wanki mai taurin gashi yana tayar da zaren auduga, yadin ya yi gashi-gashi, daga nan kuma ƙura ta samu wurin kamawa.

Idan yadin ya riga ya dafe, a kwaɓa bekin soda cokali ɗaya da rabin cokali na ruwa da rabin cokali na haidirojin, wannan ruwan da ake saya a kemis don wanke ciwo. A shafa kwaɓin da buroshi, a bar shi kamar minti 30 a inuwa, sannan a wanke. A lura, bekin soda daban, bekin foda na yin kek daban. Haidirojin yana fitar da fari ba tare da cin zare kamar bilic ba, amma yana iya kashe launi, don haka a kauce wa tambari ko zane mai kala.

Bidiyoyin da ke yawo a TikTok na haɗa bekin soda da ruwan khal wuri ɗaya sun fi burgewa a ido. Kumfar da ke tashi iska ce kawai, alamar ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya, abin da ya rage a kwanon bai wuce ruwan gishiri-gishiri ba. Kowanne yana da amfani, amma a lokacinsa: soda wajen wanki, khal wajen ɗauraya. Haɗin da ke da haɗari na gaske shi ne bilic da khal, ko bilic da lemon tsami. Yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, kuma a ƙaramin banɗaki marar taga abin na iya kai mutum asibiti. Iyaye su ja kunnen yara a kan wannan, domin sau da yawa su ake bar wa wankin takalmansu ranar Lahadi.

Ita robar kewaye, farin makilin ya ishe ta. A shafa, a dirje da buroshi, a goge da tsumma. Makilin mai launin shuɗi ko ja ya tsaya a wurin haƙori.

Sai ɗauraya, inda ake cin jarrabawar ko a faɗi. A canza ruwa sau uku ko huɗu, ana matsa yadin da hannu ciki da waje har sai santsi ya ɗauke kuma kumfa ta daina fitowa daga ɗinki. A ruwan ƙarshe a zuba khal kamar cokali biyu a lita ɗaya, ko a matse lemon tsami a tace, domin tsamin ya kashe sauran kaifin sabulun. Warin khal yana tafiya da bushewa. Masu son bula su sani ba ta cire datti, rawayar take ɓoyewa a ido, kuma idan ta yi yawa a kan kambas sai ta bar dabbare-dabbaren da ya fi rawayar muni.

Shanya

Mun saba farin kaya a rana ake baza shi, kuma ga zani ko riga hakan daidai ne. Kambas inuwa yake so, wurin da iska ke kaɗawa. A fara matse ruwan da tsohon tawul, a cusa farar takarda ko farin tsumma a ciki don kada ya lotsa. Jarida ba ta dace ba, tawadarta na sauka a jiƙaƙƙen yadi.

Sannan a lulluɓe saman takalmin da farin tishu, ninki biyu ko uku, a danna shi ya manne ko'ina tun takalmin na jiƙe. Dabarar tana aiki ne saboda dalilin da aka ambata a baya: ruwan da ke tasowa daga ciki zai wuce yadin ya ƙare a tishun, duk abin da ya ɗauko ya sauke a can. Idan ya bushe ƙarau aka ɓare, sau da yawa za a ga tishun ya yi rawaya, yadin kuwa fari. A hunturu tishun na da amfani na biyu, yana tare ƙurar da iska ke ɗorawa a kan duk abin da ke da laima. Takalmin da ya riga ya yi rawaya daga wankin baya ma ana iya ceto shi ta wannan hanya: a sake ɗauraye shi da ruwan khal, a naɗe, a shanya.

A hunturu yini ɗaya ya isa. A watan Agusta kuwa yana iya ɗaukar kwana biyu, kuma a nan ne funfuna da wari ke shiga. A ajiye shi gaban fanka idan akwai wuta. Kada a kai shi kusa da murhu ko bayan janareta don a gaggauta, zafin zai saki gam ya kuma murɗe robar. Sa takalmin da bai gama bushewa ba shi ke kawo ɗoyi da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, don haka ɗalibin da zai sa nasa ranar Litinin, ranar Juma'a da yamma ko Asabar da safe ya kamata a wanke masa.

Tabon manja ko baƙin mai ba ya jiran ranar wanki. Da ya zuba a barbaɗa masa hoda ko garin sitaci ya tsotse man na 'yan sa'o'i, a kakkaɓe, sannan a ɗiga sabulun wanke-wanke a kansa kai-tsaye kafin ruwa ya taɓa shi. Injin wanki kuma, ga mai shi, ya fi dacewa da takalmi mai ɗinki. Mai gam yana iya fitowa a rabe biyu.

Akwai rawayar da ba ta jin wanki, wato ta robar da ta tsufa. Wannan canji ne a jikin robar kanta sakamakon iska da rana, sabulu ba ya kai wa gare shi. Yadin da ya gaji kuma ana iya rufa masa asiri da farin ruwan shafawa da ake sayarwa a shagunan takalma, wanda ya gaji allin da ɗalibai ke gogawa a da kafin fareti, sai dai a kan takalmi wankakke busasshe ake shafa shi, in ba haka ba ya daskare da dattin ya riƙa tsagewa. Idan kuma baki ya fara buɗewa, a kai wa shumeka ya ɗinke kewayen tun kafin wanki na gaba, kuma a ce masa ya sa farin zare.