Ina Dandalin 'Ya'yanmu?

Mu da muke yawon aikin gona ƙauye-ƙauye, yawanci maganar taki da iri da rijiya ce ke kai mu wurin jama'a. Amma in an gama taro aka zauna shan ruwa, sai iyaye su ɗauko wata magana dabam. Su ce yara sun lalace, ba sa jin magana, ba a ganinsu sai dare ya raba. Mukan tambaye su abu ɗaya: in yaro ɗan shekara 15 ya taso daga makaranta, ya gama aikin gida, ina za shi a garin nan? Sau da yawa sai wuri ya yi tsit.

Yadda aka yi muka rasa dandali

A da kowane gari yana da dandalinsa. In farin wata ya fito, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa. Bayan girbi a yi dambe a wasu wurare, a yi raye-raye a wasu. Tsofaffi suna zaune daga gefe, idonsu yana kan kowa. Nan yaro yake koyon haƙuri in an kayar da shi, ya kuma san girman na gaba da shi.

Yau garuruwa sun cika. Inda ake wasa an yanka filaye an sayar, ko an gina shaguna. Tun da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976 makarantu suka yawaita, sai muka sa rai filin makaranta zai isa. Ga shi wasu filayen an cinye su da gine-gine, wasu an kewaye su ana kullewa da yamma, wasu kuwa an shuka masara a ciki. Ba yaran ne suka gudu daga dandali ba. Mu manya muka ɗauke shi, ba mu ba su wani a madadinsa ba.

Abin da ke cika gurbin

Yaro ba ya zama haka kawai. In damina ta wuce, akwai wajen wata biyar ko shida da aikin gona ya yi sauƙi. A lokacin nan ne za ka tarar da samari a tashar mota, da shagon caca ta ƙwallo, da bayan kasuwa inda ake sayar da ƙwayoyi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14 da dubu 300, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa suke shansa. Kada mu ce wannan matsalar birni ce. Duk inda babur ke zuwa, ƙwaya tana zuwa.

A ƙasar Filato akwai wani hatsarin kuma. Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da zurfi, yara kuwa sukan je iyo can domin ba su da wani wurin shaƙatawa. In zaɓe ya matso, irin waɗannan samari marasa abin yi su ne 'yan siyasa ke ɗauka banga.

'Yan mata fa? Su ne aka fi mantawa da su. Namiji ko a kan hanya ya buga ƙwallo. Yarinya kuwa daga talla sai ɗaki. Ba ta da inda za ta haɗu da ƙawayenta a fili, a gaban idon manya, sai a ɓoye.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Na farko, fili. Filin ƙwallon ƙafa mafi ƙanƙanta yana bukatar mita 90 a tsawo, 45 a faɗi, wato bai kai rabin hekta ba. Na ƙwallon raga mita 18 ne da 9, bai fi tsakar gidan mai unguwa ba, 'yan mata da samari duka suna iya yinsa. Dara kuwa rami 30 ne a ƙasa da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ba ta cin ko kwabo.

Na biyu, takarda. A je wurin dagaci da dattawa a nemi wurin, sa'an nan a kai maganar Ƙaramar Hukuma. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da takardar riƙon fili a karkara. A rubuta da sunan gari, ba da sunan mutum ɗaya ba. Filin da ba shi da takarda, wata rana magada za su sayar.

Na uku, aikin gayya. Da an gama girbi a sa rana, a cire kututture, a cike ramuka, a kafa sanduna. Da farkon damina a dasa darbejiya da mangwaro kewaye, su zama iyaka, su ba da inuwa. A bar yaran su yi aikin tare da mu, gama abin da mutum ya sha wahalarsa ba ya barinsa ya lalace.

Na huɗu, masu lura. A kafa ƙaramin kwamiti, a sa maza da mata, a sa matasa biyu a ciki, namiji da mace. A keɓe wa 'yan mata ranakunsu. A sa lokacin tashi. In an sami fitila mai aiki da hasken rana ko guda ɗaya ce, masu karatu za su amfana da dare.

Ikilisiyoyi da yawa suna da fili kusa da majami'a wanda ciyawa ke ci daga Litinin zuwa Asabar. Ƙungiyoyin Birged na maza da mata sun saba da horar da yara, Zumuntar Mata kuma ta san kowace yarinya da sunanta. Amma in an buɗe fili, a buɗe wa 'ya'yan gari duka, Kirista da Musulmi. Yaran da suka yi wasa a ƙungiya ɗaya, da wuya a zuga su su ɗauki makami a kan juna.

Wasu za su ce wasa ɓata lokaci ne. To, ai Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo biyu-biyu a gasar cin kofin duniya a 2014 da 2018, haifaffen Jos ne. Amma ba muna neman kowane yaro ya yi suna ba. Muna so mu san inda yake da ƙarfe biyar na yamma, da wanda yake tare da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A taron gari na gaba, ko na dattawan ikilisiya, bari wani ya miƙe ya yi tambaya: wane fili ne za mu keɓe wa yaranmu kafin damina ta faɗi, wa kuma zai je wurin dagaci a wannan mako?