Lissafi Ma Yana Da Na Gaba Da Na Baya

Duk ɗan kasuwa ya san dokar nan, ko da bai taɓa zama a aji ba. A ce ka sayi buhun albasa 3 a Marwa, kowanne sefa 15,000, kuɗin mota kuma 2,000. Da ka za ka ce 47,000, domin sai ka fitar da kuɗin buhuna kafin ka ɗora na mota.

To, rubuta wa yaronka 2,000 + 3 × 15,000. In ya bi daga hagu zuwa dama kai tsaye, 30,045,000 zai kawo maka. Ƙaramar kalkuletar shago ma haka take yi, don tana aiki ne da abin da aka fara danna mata. Ta waya kuwa galibi takan ba da 47,000. Ni abin da ke damuna ke nan, tunda yaran nan su za mu bar wa littafin shago.

A nan Kamaru 'ya'yanmu sun kasu biyu. 'Yan makarantar Turanci suna haddace BODMAS, 'yan ta Faransanci ana koya musu wane aiki ke da fifiko. Dokar ɗaya ce: a fara da abin da ke cikin baka, sai lamba mai ƙaramar lamba a kanta, sai ninkawa da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa.

Inda yara suka fi faɗawa shi ne ninkawa da rabawa. Matsayinsu ɗaya, wanda ya fara zuwa daga hagu shi ake yi: 24 ÷ 4 × 2 ya zama 12, ba 3 ba. Haka tarawa da ɗebewa: 10 − 3 + 2 ya zama 9, ba 5 ba.

Ita kuwa baka, da kuɗin dako nake koya wa nawa. In kowane buhu ɗan dako zai karɓi 500, sai a rubuta 3 × (15,000 + 500), wato 46,500. Cire bakar, sai ka ga 45,500. Haƙƙin ɗan dako na buhu biyu ya salwanta.

'Yan'uwa, ran Asabar ku zaunar da yaro a shago. Ku ba shi cinikin gaske ya rubuta a layi ɗaya, ku kuma ku yi da ka. In amsa ta saɓa, ku tambaye shi wanne ya fara yi.