Baƙon Malami a Ajin 'Yan Ɗaya

 Yau shirin namu zai leƙa makarantun firamare na Batsari da Safana, mu duba sha'anin matashin da ke barin garinsu, ko ma ƙasarsu, ya zo koya wa ƙananan yara Turanci.

Abin ya daɗe. A 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, wadda ta fara da tura samarin da suka gama sakandare aikin sa-kai a ƙasashen waje. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara karɓar matasanta. Galibinsu sakandare da kwalejojin horon malamai aka kai su. A Nijar kuwa matasan Peace Corps sun fara aiki a 1962, sai a Janairun 2011 aka kwashe su, bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai.

Amma baƙon malamin da mutumin Ruma ko Runka a wannan yanki ya sani shi ne ɗan bautar ƙasa. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC a watan Mayun 1973, bayan yaƙin basasa, don matasan ƙasar nan su san juna. Yaro ya taso daga Inugu ko Ibadan, ya yi mako uku a sansani, sai a miƙa masa takarda a ce ga makarantarka. A wurinsa tafiyar ba ta da maraba da fita waje: harshe daban, abinci daban, ga hunturun da bai taɓa ji ba.

To, a shiga aji. Yaran 'yan shekara 6 ne zuwa 7, ba su jin komai sai Hausa ko Fulatanci, malam kuma ko "zo" bai sani ba. Abin da ke faruwa shi ne ya faɗa su maimaita da ƙarfi, har na waje ya ɗauka karatu ya kankama. Amma ka ware yaro guda ka nuna masa kalma a allo, sai ya tsaya yana kallonka. Laifin ba na malamin ba ne. Wani ilimin sinadarai ya karanta, wani lissafin kuɗi, ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake ɗora yaro a kan baƙi da wasali. Kafin ya iya 'yar Hausar da zai yi bayani da ita, shekararsa ta cika, ya ɗaure kaya. Hausawa dai sun ce baƙo raɓa ne.

Ita kanta gwamnati ba ta tsaya wuri guda ba kan harshen koyarwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce a koma Turanci. Malamin ƙauye ne ake bari da jidali.

Sannan ga matsalar tsaro. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da wuya uba ya yarda ɗansa ya zo bautar ƙasa wannan yanki. An rufe makarantun ƙauyuka da dama, wasu kuma 'yan gudun hijira sun zauna a cikinsu.

Su wa suka rage a gaban allo? 'Yan gida. Matasan da suka yi NCE a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-ma ko FCE Katsina, da ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, da waɗanda suka shigo ta shirye-shiryen gwamnati na N-Power ko S-Power. Wasunsu ma ba mai biyansu, sai ɗan abin da iyayen yara suka tara. A 2023 gwamnatin jiha ta Dikko Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000, an kuma yaba, sai dai tambayar ita ce nawa suka isa ƙauye suka zauna. A ganinmu 'yan gidan nan ne suka fi dacewa da ajin 'yan ɗaya, domin suna iya yi wa yaro bayani da harshen da yake mafarki da shi, kuma baɗi ma suna nan. Inda suke da rauni shi ne Turancin kansa, a nan ne baƙo zai yi rana: ya zauna da malamai yana goge musu baki, ya ɗauki 'yan aji biyar da shida.

Kiranmu ga sakatarorin ilimi na Batsari da Safana da kwamitocin makarantu shi ne su rubuta sunayen masu koyarwar sa-kai a kowace mazaɓa, a fara da su idan za a ɗauki aiki. Iyaye kuma, yau da dare ku ce yaro ya buɗe littafi ya karanta muku layi guda.