Ina Sauran Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ta Shiga?

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wasiƙar wani ɗalibi Bahaushe da ke karatu a Makka. Ya ce ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa har giga 8, amma da ya duba sai ta shaida masa giga 3 da ɗan ɗoriya kaɗai take aiki da su. Yana tambaya, shin mai kanti ne ya cuce shi, ko kuwa injin ne ya lalace?

Malam, kada ka yi gaggawar zargin mai kanti. Sau da yawa ƙwaƙwalwar tana nan lafiya lau, injin ne bai san hanyar kiranta ba.

Wannan ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira ram, dabam take da rumbun da ake ajiye takardu da hotuna. Rumbu kamar littafi yake, abin da aka rubuta ya zauna. Ram kuwa kamar allon almajiri ce, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa, da an kashe wuta kuma babu abin da ya saura a kanta. An rarraba ta gurbi-gurbi, kowane gurbi da lambarsa, kuma injin ba ya iya zuwa gurbin da ba shi da lamba.

Duk wanda ya sauke farali ya ga Mina, inda aka kafa tantuna fiye da 100,000. To, a ce an ba wani magatakarda aikin saukar da alhazai, amma takardarsa gidajen lamba 4 kaɗai gare ta. Daga 0000 zuwa 9999 zai iya rubutawa, watau tantuna 10,000. Sauran suna nan a kafe, da shimfiɗa da ruwa, amma ba mai kwana ciki, gama ba yadda za a rubuta wa alhaji lambarsu. Har wa yau cikin 10,000 ɗin nan sai an ware wa asibiti da 'yan sanda da ma'ajin abinci nasu lambobin, saboda haka abin da ya rage wa alhazai bai kai haka ba.

Haka abin yake ga kwamfuta mai tsarin bit 32. Gidajen lambarta 32 ne, kowane gida kuwa ɗayan abu 2 yake ɗauka, ko 0 ko 1. In aka riɓanya 2 har sau 32 sai a sami 4,294,967,296, watau giga 4 daidai. Wannan ita ce iyakar lambobinta. Daga ciki kuma sai ta yanka wa sashen da ke zana hoto da sauran kayan cikinta rabonsu, shi ya sa akan ga giga 3 zuwa 3 da rabi. Ko ka cusa mata giga 16, Windows ta gida mai bit 32 ba za ta wuce nan ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Kwamfutar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1981 gidajen lambarta 20 ne, iyakarta mega 1, aka bar wa mai aiki kilo 640, aka tsare 384 domin kayan inji. Mutane sun daɗe suna fama da wannan shinge. Bit 32 ya zo da Intel 80386 a 1985, lokacin da giga 4 ke kamar teku. Sai a 2003 kamfanin AMD ya fito da furosesa mai bit 64 irin wadda ta game kwamfutocin gida, Windows 11 kuwa da ta fito a 2021 ba ta da mai bit 32 sam.

Yanzu ga yadda za ka gane inda laifin yake, ba tare da ka kashe ko riyal 1 ba. Da ka kunna injin, tun Windows ba ta tashi ba, shiga shafin nan da ake kira BIOS, galibi da maɓallin F2 ko Del, ka ga yawan ƙwaƙwalwar da ya ƙidaya. In ya ce giga 8, to kayanka suna nan, mai kanti ya fita, maganar ta koma kan Windows. In kuwa ya ce 4, laifin yana jikin ƙarfe.

Mu fara da na farko. Duba bayanin injin cikin Windows, za ka ga an rubuta ko 32 ce ko 64. In 32 ce, furosesarka kuma tana ɗaukar 64, magani shi ne a sauke tsohuwar a ɗora sabuwa. Amma a nan ne mutane suke yin hasara, domin ba a juya 32 ta zama 64, sai an ɗora daga tushe. Lalle ka kwashe takardunka da littattafanka zuwa wani ma'aji tukuna. Ɗalibin da ya rasa rubutun shekara 2 saboda neman giga 4 bai ci riba ba.

In kuwa 64 ce amma duk da haka akwai giɓi, to wadansu irin Windows an yi musu iyaka da gangan. Windows 7 Home Basic ba ta wuce giga 8, Home Premium ba ta wuce 16. Sa'an nan akwai wani wuri mai suna msconfig, inda akan iske wani mai gyara ya sa alama a gidan ƙayyade ƙwaƙwalwa ya manta. Cire alamar, ka sake kunnawa. Cikin BIOS na wadansu tsofaffin injuna kuma akwai umurnin da ke mayar da ƙwaƙwalwar da aka tsare zuwa lambobin sama da giga 4, in a kashe yake sai a kunna. Wanda ya ga giga 7.9 ko 7.8 cikin 8 kuwa ya kwantar da hankalinsa, wannan ɗan abin rabon kayan inji ne, musamman in sashen hoto ba shi da ƙwaƙwalwa tasa, sai ya ara.

Saura laifin ƙarfe. Kashe injin, zare waya daga bango, in mai batir ce cire batir. Taɓa wani ƙarfe da hannunka tukuna, gama wutar nan da ke tsartuwa daga jikin mutum lokacin busasshiyar iska, wadda muka sani da hunturu, tana iya ƙone ram. Zare sandunan, ka fitar da ƙura daga ramukansu, Makka kuwa ba ta rasa ƙura. Mayar da su ka danna har maƙallansu su kama. In bai yi ba, gwada sanda 1 ita kaɗai a kowane rami, sa'an nan ɗayar, nan za ka gane ko sanda ce ta mutu ko rami. Kowane inji kuma yana da iyakar abin da yake ɗauka, an rubuta cikin takardarsa, wani tsoho giga 4 ne ƙarshensa. In sandar ce matacciya, sai ka ɗauki rasidinka ka koma kanti.