Maganin rigakafin kwalara da ake sha ta baki

A yau shirin zai duba cutar kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa, da kuma binciken da masana suka daɗe suna yi domin samar da rigakafinta.

Kwalara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar 1970, kuma tun daga lokacin take ta dawowa, musamman da damina. A shekarar 2018 ta ɓarke a yankin Madarunfa na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kusa da iyakar Katsina, inda ta kama mutane fiye da 3,000. A shekarar 2021 kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya, wato NCDC, ta ƙirga mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, daga cikinsu fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

To, yaya cutar take kisa da sauri haka? Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta ruwan sha ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Idan ta isa ƙaramin hanji, sai ta fitar da wani dafi da ke sa hanjin ya riƙa kwararo da ruwa da gishirin jiki waje. Gudawar takan zo tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, kuma babban mutum yana iya rasa ruwa lita da yawa a wuni guda. Rashin ruwan nan shi ne ke kisa, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i kaɗan.

Masana sun fara neman rigakafi tun da daɗewa. A shekarar 1892, wani masani mai suna Waldemar Haffkine ya gwada allurar da ya haɗa a jikinsa a birnin Faris, daga baya ya kai ta ƙasar Indiya. Sai dai allurar ba ta ba da kariya mai ɗorewa, ga shi kuma tana sa zazzaɓi da ciwo. Daga bisani masana suka gane cewa tun da a cikin hanji ƙwayar cutar take ɓarna, to a can ya kamata a horar da garkuwar jiki. Wannan shi ya kawo maganin da ake sha ta baki, wanda ke ɗauke da matattun ƙwayoyin cutar. Jiki ya gan su, ya shaida su, ranar da masu rai suka zo sai su tarar da shi a shirye.

Na farko, mai suna Dukoral, an fara amfani da shi a ƙasar Suwidin a shekarar 1991, amma yana da tsada kuma sai an dama shi da ruwa mai tsabta kafin a sha. Daga baya aka samu Shanchol a Indiya, wanda hukumar lafiya ta duniya ta amince da shi a shekarar 2011. Gwajin da aka yi a birnin Kolkata ya nuna cewa wanda ya sha sau biyu yakan samu kariya ta kusan kashi 65 cikin 100 har tsawon shekaru biyar. A shekarar 2013 aka kafa rumbun ajiye maganin na duniya, domin aika shi duk inda annoba ta ɓarke. Daga wannan rumbu ne aka kai kwalabe fiye da 900,000 jihar Borno a watan Satumba na 2017, bayan cutar ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garej da ke Maiduguri.

Amma fa akwai matsaloli biyu. Ta farko ita ce ƙarancin maganin. A watan Oktoba na 2022, saboda yawan ƙasashen da ke fama da annobar, masu kula da rumbun suka yanke shawarar a riƙa ba kowa sau ɗaya maimakon sau biyu. Sha sau ɗaya yana kariya, amma ba ta daɗewa, kuma ta fi rauni ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A shekarar 2023 aka daina yin Shanchol, nauyin ya koma kan wani kamfani na Koriya ta Kudu mai yin Euvichol. A watan Afrilun 2024 hukumar lafiya ta duniya ta amince da sabon nau'insa mai suna Euvichol-S, wanda ya fi sauƙin haɗawa da yawa.

Matsala ta biyu kuwa duk wanda ya san zafin bazara a Sakkwato ko Maraɗi zai gane ta, wato ajiya. Akasarin magungunan rigakafi sai an ajiye su cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8, ga kuma ƙauyukan da babu wutar lantarki. Wannan ne ya sa masana a wurare da dama suke neman maganin da zai jure zafi. A ƙasar Malesiya, alal misali, masu bincike na Jami'ar Kimiyya ta ƙasar sun bayyana a shekarar 2006 cewa sun raunana ƙwayar cutar ta hanyar lalata ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadonta, ta yadda za ta tayar da garkuwar jiki ba tare da ta yi illa ba. Daga baya aka ci gaba da aikin a jami'ar AIMST da ke jihar Kedah, inda aka haɗa nau'in da ba ya buƙatar firji, aka gwada shi a kan zomaye. Tsakanin gwajin dabbobi da bakin ɗan Adam kuwa, tafiya ce ta shekaru.

Saboda haka, jama'a, rigakafin yana ba da lokaci ne kawai, kafin a gyara ruwan sha da bandakuna. Idan an zo unguwarku da shi, a fito a sha, a kawo yara. A tafasa ruwa ko a sa masa maganin kulorin, a nisanta masai da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Idan gudawa ta kama wani, kada a jira. A zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. Da irin wannan ruwa ne likita Dilip Mahalanabis ya rage mace-mace daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100 a wani sansanin 'yan gudun hijira na Indiya a shekarar 1971.

To, jama'a masu sauraro, ƙarshen shirinmu na yau ke nan. Sai mako mai zuwa war haka, idan Allah ya kai mu. Mu kasance lafiya.